Muhawara: me ake dubawa kafin a biya kuɗin keken tsere na hannu?

Malam Habu (shugaban zaure): Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi sun yi yawa a kan kekunan tsere 'yan Beljiyam, masu kai irin ƙahon rago, waɗanda ake saukewa daga Legas da Kwatano. Masu tambaya sun kasu uku: wasu na son na motsa jiki da asuba, wasu na shirin shiga tsere, wasu kuma sun ga hoto a Facebook ko Jiji sun ƙyasa. Maimakon a yi ta amsa ɗaya bayan ɗaya, mu tattara bayanin a nan. Oga Ɗanlami, bisimilla, kai ne ke kwance su kana ɗaurawa.

Oga Ɗanlami: Wa alaikumus salam Malam. Abu biyu ne a keken tsere kuɗi ba ya gyara su bayan an saya: girman firam da lafiyar firam. Taya, kaca, wayar birki, sirdi, duk kayan canji ne, lissafinsu kawai za ka yi ka rage a ciniki. Amma mafi yawan masu saye daga kan giya suke farawa, su ƙirga haƙora, su karanta sunan da ke jikin firam, su manta da jikin nasu da zai hau.

Awon ba shi da wuya. Cire takalmi, jingina da bango, sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyi ka ɗaga shi sama sosai kamar sirdi, a auna daga ƙasa zuwa bakin littafin. A ce an samu santimita 82. Ninka da 0.67, ka samu kusan 55, wato firam 54 ko 55 kake nema. Ninka 82 ɗin da 0.883 kuma, ka samu 72 da ɗoriya, shi ne tsayin sirdi daga tsakiyar aksul ɗin feda zuwa saman sirdi. Ka tafi kasuwa da lambobin nan biyu da tef a aljihu. A bisa kintace, mai tsayi 165 zuwa 172 yana kan 52, mai 172 zuwa 178 yana kan 54, mai 178 zuwa 184 yana kan 56, wanda ya haura haka 58.

Injiniya Bashir: Oga, in ƙara a kan wannan. Lambar da aka rubuta a jikin firam ba ta da ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni, musamman firam na zamani da bututun samansa ya gangaro. 54 na wani kamfani ya kai 56 na wani. Abin da ya fi amfani shi ne nisan gaba: riƙe tef a miƙe daidai da ƙasa, daga tsakiyar wuyan firam (gajeren bututun gaba da kan keke ke juyawa a ciki) zuwa tsakiyar sandar sirdi. Wanda ke kan 54 zai ga santimita 54 zuwa 55 a nan. Idan keke ya ɗan yi ƙarami, ana ɗaga sirdi a sa wuyan kai (ƙarfen da ke riƙe kan keke) mai tsawo, milimita 110 ko 120. Idan ya yi girma, babu dabara. Gajeren wuyan kai mai 60 ko 70 yana sa kan keke ya yi rawa a hannu, kuma ciwon baya da na kafaɗa suna nan daram.

Malama Hadiza: Ga gajerun mutane, mata da samari, akwai tarko ɗaya. Wasu ƙananan firam, 47 zuwa 49, suna zuwa da ƙafa 650c. A ido kamar ta kowa take, amma faɗin rim ɗinta milimita 571 ne, na 700c kuwa 622. Tayar 650c wahalar samu gare ta ƙwarai. A karanta gefen taya kafin komai: idan an ga 25-622 ko 700x25, lafiya. Sannan a duba sandar sirdi, tana da layin da aka zana na iyakar fitowa. Idan sai an wuce layin nan keken ke yi wa mutum daidai, to ya yi masa kaɗan, kuma sandar za ta iya fasa bakin bututun.

Oga Ɗanlami: Haka ne Malama. Tsofaffin kekunan Ingila da Amurka ma akwai masu ƙafa inci 27, wato 630. Milimita takwas kacal ya raba ta da 700c, amma tayar ɗaya ba ta zama a rim ɗin ɗaya. Ta manyan kekunanmu irin su Raleigh da Phoenix kuwa 635 ce, ita ma ba ta shiga.

To, firam. A wanke keken ko a goge shi da tsumma, a fito da shi rana. Wanda ya ce sai dai a duba cikin duhun shago, a ba shi haƙuri. Wuraren da firam ke fara tsagewa sanannu ne: ƙarƙashin bututun ƙasa daf da wuya, kewayen aksul ɗin tsakiya, bututun baya na dama bayan farantin kaca, bakin bututun sirdi wajen tsagar da ake matsewa, da kunnuwan da ƙafar baya ke zama. A alminiyam tsagewa tana fitowa kamar siririn gashi baƙi a gefen walda. Sa farce: ƙarzuwar fenti ba ta bin layin walda, tsagewa kuwa tana bi.

Keken da ya taɓa yin karo ta gaba yana da shaida. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, kamar santimita biyar daga wuya. Idan ka ji kumburi ko ka ga fenti ya tattare, firam ya lanƙwashe. Tsaya ta gefe ka kalli fok, wanda ke riƙe ƙafar gaba: ya kamata ya bi layin wuya ya gangaro, kada ya koma baya wajen firam.

Nura Ɗan Tsere: Oga, idan an samu tsagewar a alminiyam kuma farashin ya faɗi ƙasa sosai, ba za a kai wa mai walda ba? Ai akwai masu waldar alminiyam da ke yin na injin mota.

Oga Ɗanlami: A'a Nura, kada ka fara. Yawancin firam ɗin nan alminiyam 6061 ne, kuma bayan walda a masana'anta sai an gasa firam ɗin gaba ɗaya a tanda kafin ƙarfinsa ya dawo. Waldar bakin titi tana cike tsagar amma tana kashe ƙarfin ƙarfen da ke kewaye da ita, sai ya sake ɓallewa a gefen ɗinkin, galibi lokacin da ka miƙe kan feda ko ka faɗa rami. Kaurin bututun a tsakiya bai wuce milimita ɗaya ba a wasu. Irin wannan keken kuɗin kayansa kawai za ka biya, firam ɗin na 'yan gwangwan ne. Firam na ƙarfe shi ne ke karɓar gyara da tagulla a hannun wanda ya iya.

Injiniya Bashir: Ga gwajin miƙewar firam da kirtani. Ɗaura shi a kunnen baya na dama, zagayo da shi ta gaban wuya, dawo da shi kunnen hagu, ka ja ya miƙe. Auna tazarar kirtani da bututun sirdi a kowane gefe. Bambancin milimita ɗaya ko biyu ba komai. Biyar ko shida kuwa, bayan keken ya karkace, zai riƙa ja gefe yana cin taya.

Kuma kafin a yi maganar kuɗi, a sa alanki 4 ko 5 a kwance sandar sirdi a ga tana motsi. Kekunan Turai sun sha ruwan sama da gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara, sandar alminiyam a cikin firam na ƙarfe ko kabon (zaren da aka daskarar da gam) kan manne ta zama jiki ɗaya. Wadda ta manne wani lokaci sai an yanka ta da zarto daga ciki, aikin yini guda, kuma a nan ake ɓata firam.

Alhaji Ado: Ni fa ina ganin ana tsorata mutane da kabon fiye da kima. Kabon ba ya tsatsa, ba ya gajiya kamar alminiyam, ya fi sauƙin nauyi, ya fi shanye girgizar titi. Keken kabon mai kyau kilo bakwai da rabi zuwa takwas da rabi, na alminiyam tara zuwa goma da rabi. Wanda zai yi kilomita 80 ranar Asabar zai ji bambancin a ƙugunsa. Idan aka samu na kirki, me zai hana?

Oga Ɗanlami: Alhaji, ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa gaskiya ne a kan keken da aka san tarihinsa. Matsalar ita ce yadda suke isowa. Ana loda su a kwantena ɗaya kan ɗaya, fedar wannan a kan bututun wancan, a ɗaure da igiya a matse. Kabon yana jure nauyin mahayi, amma ba ya jure a soke shi ko a matse shi a wuri guda. Alminiyam idan ya bugu yana lotsawa kowa ya gani. Kabon yana iya rabewa ta ciki fentinsa na sheƙi, kyan ɗan maciji ke nan.

Alhaji Ado: Ai akwai gwajin kwabo. Ka ƙwanƙwasa, inda ya lalace sautin yana mutuwa.

Injiniya Bashir: Yana taimakawa Alhaji, amma a tsakiyar bututu kawai. A mahaɗa, inda kabon ya yi kauri ko aka binne alminiyam a ciki, sautin yana canzawa ko da lafiya lau ne, don haka ba ya raba gardama a wuraren da suka fi haɗari. Abin da za a ƙara: a matsa bututun da babban yatsa a duk inda aka ga tabo, idan ya yi laushi ko ya yi ƙara kamar busasshen ganye, an gama magana. A haska tocila a karkace a nemi tsagar da ta ratsa fenti. Sabon fenti a wuri ɗaya, ko sitika a inda kamfani ba ya sa sitika, a nemi a ɗaga a gani.

Wurin da na fi so a kula shi ne sandar fok da ke ɓoye cikin wuya, domin ko kekunan alminiyam yawanci fok ɗinsu kabon ne. Minti biyar ne: kwance murfin sama, sassauta kusoshi biyu na wuyan kai, zare fok ƙasa. A duba inda wuyan kai ke matsewa ko akwai tsaga, a duba ko boris ya yi wa sandar zobe ya ci ta. Idan sandar kabon ce kuma aka ga an buga mata noti mai haƙora irin na sandar ƙarfe a ciki, an riga an raunata ta. Kusoshin nan awon ƙarfin ɗaurinsu kamar 5 Nm ne, an rubuta a jiki, amma mai ɗaurawa da ƙarfin damtse yana ninka haka. Fok idan ya karye ana cikin gudu, fuska ce ke fara isa kwalta.

Alhaji Ado: Wannan na yarda da shi. Amma ina nan kan bakana cewa wanda ya iya dubawa, ko ya je da wanda ya iya, kada ya ƙi kabon don sunansa kabon.

Malam Habu: To an haɗu a tsakiya. Sabon shiga ya nemi alminiyam, gogagge ya duba kabon da idon basira. Mu shiga giya, nan ne tambayoyi suka fi yawa.

Nura Ɗan Tsere: Jerin kayan giya na kamfanin Shimano na keken tsere daga ƙasa zuwa sama: Claris mai giya 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105, Ultegra, Dura-Ace. Ukun saman nan adadinsu ya danganta da zamani. 105 mai lamba 5600 da 5700 giya 10 ne, 5800 da R7000 giya 11. Ultegra 6600 da 6700 goma, 6800 da R8000 sha ɗaya. Lambar tana bayan hannun feda da cikin injin giya na baya, da ita ake gane shekarun keke ko da mai sayarwa ya ce na bara ne. A duba kowane ɓangare daban, don ana sa injin baya na 105 a bar sauran duka Claris, a kira keken 105.

Oga Ɗanlami: Ni kuma shawarata, kada a raina 8 da 9. Kacar giya 6, 7 da 8 iri ɗaya ce, kusan duk mai kayan keke yana da ita. Ta 11 sai an yi oda, ta fi tsada, ta fi siriri. Sannan idan injin baya ya karye, hannun giya na Shimano mai 8, 9 ko tsohon 10 yana aiki da injin keken dutse mai 9, wanda ya fi yawa a kasuwa. Banda Tiagra 4700: goma ne, amma jan wayarsa irin na 11 ne, ba ya jituwa da 4600 ko 5700. Mutane da yawa suna sayen injin da ba daidai ba su yi ta juya kusa, giya ba za ta taɓa zama ba.

Kayan giya na kamfanin Campagnolo masu kyau ne, kekunan Italiya da Beljiyam suna zuwa da shi. Amma kaset ɗinsa (jerin haƙoran baya) ba ya hawa hob (cibiyar ƙafa) ɗin Shimano, kan wayarsa daban, kayan gyaransa sai an aiko daga waje. Mai lantarki, Di2, in babu caja kuma ba a gwada shi a gabanka ba, ka ɗauka ba ya aiki.

Injiniya Bashir: Wanda ya samu Ultegra ko Dura-Ace mai 11 ya san da wannan: a watan Satumba na 2023 Shimano ya yi kiran a dawo da hannun feda masu lamba FC-6800, FC-R8000, FC-9000 da FC-R9100 da aka ƙera kafin Yulin 2019 a duba su, saboda ɓari biyu ne aka manna, kuma wasu suna rabewa. A duba layin mahaɗar a hannun dama kewaye da faranti. Idan akwai ɗan buɗi, ko farin gari na tsatsar alminiyam, ko ƙara idan an taka, a lissafa kuɗin wani.

Malama Hadiza: A bayyana awon kaca don Allah, shi ne ke nuna yawan tafiyar da keke ya yi fiye da komai.

Oga Ɗanlami: Da rula ake yi. Ja kaca ta miƙe, sa sifili a tsakiyar wata ƙusa. A sabuwar kaca, inci 12 cif yana faɗawa tsakiyar wata ƙusar, wato milimita 304.8. Idan ƙusar ta wuce da milimita ɗaya da rabi, kaca ta isa canji, kaset yana iya tsira. Idan ta wuce da uku, kaset ma ya tafi, wataƙila har faranti. Dalili: tsohuwar kaca tana sassaƙe haƙora su dace da ita, sai ka sa sabuwa ta riƙa tsalle da zarar ka taka da ƙarfi. Haƙorin faranti da ya ƙare yana yin tsini ya karkata gefe ɗaya kamar ƙaya. Amma kada a ruɗe, a sabon faranti ma akwai haƙora biyu-uku gajeru da aka yi da gangan don kaca ta hau.

Hannun giya kuwa, shi ne mafi tsada a kayan. Idan ka tura ka ji babu ƙas-ƙas, sau da yawa tsohon giris ne ya daskare ya riƙe 'yan harsunan ciki. A ɗaga robar, a fesa WD-40 sosai ana turawa, sai ya farfaɗo, a bi da mai mara kauri. Wani lokaci kuma waya ce ta tsinke a ciki daf da kanta, sai an tono. Waɗannan biyun gyara ne mai sauƙi, kuma hujjar ragi ce. Wanda hannun ya fashe ko ya karye ta ciki, ba a gyara shi.

Ka tsuguna bayan keke ka kalli injin baya: ƙananan ƙafafunsa biyu su sauko a miƙe ƙarƙashin kaset. Idan sun karkata ciki, kunnen da aka rataye injin ya lanƙwashe. A giya mafi sauƙi injin yana iya shiga cikin sifok ya tsinke komai. Kunnen alminiyam yana karɓar miƙewa sau ɗaya, da kyar sau biyu, kuma kowane firam da irin nasa.

Nura Ɗan Tsere: Girman faranti ma a duba. Tsofaffi suna zuwa da 53/39, wato babban faranti mai haƙori 53 ƙarami mai 39, da kaset mai haƙori 11-23 ko 11-25. A Kano ko Maiduguri inda ƙasa take shimfiɗe, ba damuwa. A Jos ko tuddan Abuja sabon shiga zai sauka ya tura. 50/34 da 11-28 ko 11-32 shi ne na kowa. Ba a sa faranti 34 a hannun 53/39 na da, domin da'irar kusoshinsa 130 ce, ƙarami kuwa 110 yake so.

Alhaji Ado: Tsofaffin na ƙarfe fa? Peugeot da ire-irensu suna shigowa ta Kwatano da Maraɗi, wasu da sitikar masu ƙera bututu, Reynolds 531 ko Columbus. Ƙarfe ne na gaske.

Oga Ɗanlami: Na gaske ne Alhaji, kuma a titi mai ramuka sun fi daɗin hawa. Abin lura, tsofaffin na Faransa awonsu nasu ne: zaren aksul ɗin tsakiya milimita 35 ne, wuyan kai 22.0 maimakon 22.2, ba ka samun madadinsu a shago. Na Ingila, mai faɗin 68, shi ne ruwan dare, kofinsa na dama zaren hagu ne. Na Italiya faɗinsa 70. Auna faɗin gidan aksul da rula ka san inda kake. Tsakanin kunnuwan baya kuma tsofaffi 126 ne, ƙafar zamani 130. Ƙarfe yana buɗuwa ya karɓa, alminiyam da kabon ba a buɗa su. Zare sandar sirdi ka haska ciki, jan tsatsa sama-sama ba komai, wadda ke ɓarewa tana zubowa ita ce matsala. Kuma ba kowane siririn keken ƙarfe ne mai daraja ba, wanda ya kai kilo 13 ko 14 ƙarfen famfo ne da kan tsere.

Malama Hadiza: Ƙafafu. Ɗaga keke ka juya, ka kalli tazarar rim da robar birki. Rawar milimita ɗaya ko biyu gefe da gefe ana ɗaure ta da sifok. Tsallen sama da ƙasa, ko lotsawa a bakin rim, alamar rami ce, ba ta gyaruwa sosai. Matsa sifok bibbiyu ka ji ko akwai sako-sako, ka duba ramukan sifok a rim na baya, nan tsaga ke fitowa. Sa rula a gefen rim inda birki ke kamawa: idan ya yi kwarmi har haske na wucewa, ko ɗigon da kamfani ya huda na alama ya shafe, bangon ya yi siriri, iska mai ƙarfi tana iya fasa shi. Kama ƙafar ka girgiza gefe, kada a ji ƙwas. Cire ta ka juya aksul da yatsu, idan yana gurzawa kamar da yashi, a buɗe a ga ko boris ne kawai ko kofin hob ɗin ya rarake. Kofi idan ya rarake, hob ya mutu.

A kiyayi tayar da ake mannawa da gam, wadda tiyub ɗinta ke ɗinke a ciki. Tana yawan zuwa a kan rim na kabon da tsofaffin kekunan gasa. Sace iskar ka tura tayar gefe, idan babu bakin da ke shiga rim sai busasshen gam, ita ce. Mai faci ba zai iya mata komai ba.

Injiniya Bashir: A titunanmu faɗin taya ya fi sunan giya amfani. Mai milimita 23 ta yi siriri, ramin farko za ta cije tiyub, huda biyu gefe da gefe. 28 ita ce daidai, ga tsidau da fasassun kwalabe a gefen hanya. Amma firam da yawa na wajen 2005 zuwa 2014 ba sa ɗaukar fiye da 25. Duba tazarar da ta rage ƙarƙashin birki da tsakanin bututun baya biyu, ana son a ƙalla milimita huɗu kowane gefe bayan an sa tayar. Mai nauyin kilo 70 zai sa iska kamar 85 psi a agogon famfo a 25, kamar 70 zuwa 75 a 28. Bawul ɗin siriri ne, Presta, injin mai faci ba ya kama shi sai da 'yar adafta, don haka famfo mai agogo yana cikin kuɗin keke. Kada a huda rim a faɗaɗa ramin don bawul ɗin mota, siririn rim ba shi da naman da za a rage.

Nura Ɗan Tsere: Birkin faifai ya fi kamawa da damina, kuma firam ɗinsa yana ɗaukar taya 30 ko 32. Ni shi zan zaɓa.

Oga Ɗanlami: In mai waya ne, na yarda. Mai mai kuwa, Shimano man ma'adinai yake sha, na kamfanin SRAM na keken tsere DOT, irin man birkin mota. Wanda ya zuba man birkin mota a Shimano ya kumbura robobin ciki, birkin ya tashi aiki. Ga faifai, sabo na Shimano 1.8 ne, idan ya sauka 1.5 an rubuta a canza. Birkin rim roba huɗu ne da waya biyu, ko a ƙauye ana gyara shi. Sannan kowa ya gwada wane hannu ke kama gaba kafin ya hau: kekunan Ingila da Japan dama ce gaba, na Amurka da yawancin Turai hagu. Wanda ya saba da babur hannunsa na dama ya san gaba, sai a mayar masa da wayar haka.

Malam Habu: Saura ciniki da amana. Cinikin biri a sama ba namu ba ne, kada a tura kuɗi kan hoto. Juya keke, lambar firam tana ƙarƙashin gidan aksul. Idan an goge ta ko an cike ta da fenti, a bar keken komai arharsa, kayan sata yana kai mai saye ofishin 'yan sanda. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar firam, sunan keke, launi, kuɗi da kwanan wata. In daga hannun mutum ne, a rubuta takarda da shaidu biyu, a ɗauki hoton katin shaidarsa da izininsa. La'adar dillali a yanke ta tun farko. Jabun firam ma suna yawo, musamman masu sunan manyan kamfanonin Italiya. Sunan da aka manna a saman fenti har farce na ɗaga shi, ga kaya mafi arha a kan firam mai tsadar suna, abin tuhuma ne.

Alhaji Ado: Kuma kada a kashe kuɗin duka a kan keken. A ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu: taya biyu, tiyub uku, kaca, robar birki, wayoyi da rigunansu, tef ɗin kai, famfo, hular kwano. Tayar da ta shekara biyar a ajiye tana da zane a sama amma gefenta ya tsattsage. Da yawa suna zuwa babu feda, ko da feda mai kama takalmi irin SPD-SL ko Look, wadda sai da takalminta. Sabon shiga ya sa feda ta gama-gari tukuna. Sufana 15, kuma ta hagu zarenta na hagu ne, masu kwancewa ta hanyar da suka saba suna cinye zaren hannun feda.

Oga Ɗanlami: Hawan gwaji shi ne na ƙarshe, minti goma sun isa. Kafin ka hau, kama birkin gaba ka tura keke gaba da baya, yatsa a mahaɗar wuya da fok; ƙwas-ƙwas na nufin boris ɗin wuya ya saki. Ɗaga gaba ka juya kai, idan yana tsayawa a tsakiya kamar an yi masa gurbi, boris ya mutu. Kama hannun feda ka girgiza gefe, kada a ji girgiɗi. A kan titi, bi giya ɗaya bayan ɗaya sama da ƙasa a faranti biyun. Sa a ƙaramin haƙori na baya ka miƙe tsaye ka taka da ƙarfi, nan kaca ke tsalle idan kaset ya ƙare, nan kuma aksul irin na matsewa, BB30 da BB86, ke fara kuka. A miƙaƙƙen wuri sassauta hannu a kan kai ka ji ko yana ja gefe. Kama birkin gaba a hankali, idan yana fizga sau ɗaya a kowane zagaye, rim ne ya kumbura a wuri ɗaya.

Malama Hadiza: A je gwajin da wando mai tsuke ƙafa ko a naɗe ta dama, waɗannan kekunan ba su da murfin kaca, bakin riga ko wando yana shiga faranti.

Nura Ɗan Tsere: Oga, kayan da za a sa a aljihu ranar zuwa kasuwa fa?

Oga Ɗanlami: Tef, rula mai inci 12 ko fiye, alanki 4, 5 da 6, tocila, kirtani mita uku, tsumma, adaftar bawul. Ƙara maganaɗisu ƙarami: yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyam ko kabon, don wani lokaci ana ce wa fok kabon alhali ƙarfe ne aka shafa wa baƙin fenti. Ka nemi izinin mai kaya kafin ka sa alanki a jikin kekensa, kuma sandar fok ka bari shi ko bakanikensa ya kwance a gabanka.